Santsi Da Taɓo: Tarihin Biyayya Ga Jam'iyya Da 'Yancin Ra'ayi A Siyasar Arewa

Yau ina so mu ɗan leƙa tarihi, domin Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Abin da ya jawo wannan rubutu kuwa wata 'yar magana ce da aka yaɓa mini ana gab da zaɓen 2023, wadda ta daɗe tana yi mini yawo a ka.

Wata rana da hantsi muna zaune a rumfar mahaifina a kasuwar Farin Gada, an gama sauke kwandunan tumatir, ciniki ya ɗan lafa, sai dattawa suka shiga hirar siyasa. Bakinsu ɗaya: mu Hausawan Jos ba mu kai yawan da za mu raba ƙuri'a ba, saboda haka duk inda manya suka nuna, nan kowa zai dangwala. Ni kuma da ƙuruciya sai na tsoma baki, na ce to idan wanda aka nuna ɗin bai cancanta ba fa? Wani abokin mahaifina ya dube ni sama da ƙasa, ya juya ya ce, "Alhaji, ashe ɗan santsi kake kiwo a gida ba mu sani ba?" Aka kwashe da dariya. Ni dai santsin da na sani shi ne na damina, wanda ke kayar da ɗan dako a bakin kasuwa. Da dare na tambayi Baba ma'anar maganar, ya ce, "Zauna ka ji, wannan zance ya girme ka." Daga abin da ya faɗa mini, da abin da na bi na karanta daga baya, na gane cewa gardamar rumfarmu tsohuwar gardama ce, kuma a nan garin Jos aka fara yanke mata hukunci tun 1950.

Tambayar ita ce: idan mutum yana cikin tafiya, ya ga kamar shugabanni sun kauce, shin ya yi shiru ya bi don kada kai ya rabu, ko ya faɗi ra'ayinsa ko da za a kore shi? Kuma me ya sa a tarihinmu masu ra'ayin riƙau suka fi iya zama a inuwa ɗaya, su kuwa masu ra'ayin kawo sauyi kullum cikin rabuwa suke?

Taron Jos Na 1950

Mai karatu zai yi mamaki idan ya ji cewa NPC da NEPU, waɗanda suka yi shekara goma sha biyar ba sa ga maciji, daga kwarya ɗaya suka fito. A watan Yuni na 1949 aka yi babban taron farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna, ƙarƙashin shugabancin Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewa. A lokacin ƙungiyar al'adu ce ta 'yan boko, malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e. A cikinta akwai masu ganin a bi sarakuna sannu a hankali a yi gyara, akwai kuma masu zafi irin su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, masu ganin tsarin En'e kansa shi ne ciwon talaka.

Ranar 8 ga Agusta 1950 wasu mutum takwas suka kafa NEPU a Kano. Daga cikinsu akwai Abba Maikwaru, da Bello Ijumu, da Magaji Ɗambatta, da Mudi Sipikin. Tunaninsu da farko shi ne su ci gaba da zama cikin Jam'iyyar Mutanen Arewa, su riƙa tura ta gaba daga ciki. To amma da aka zo taron shekara a Jos cikin watan Disamba na 1950, wakilan Kano suka matsa a mayar da ƙungiyar cikakkiyar jam'iyyar siyasa. Hankalin masu sassaucin ra'ayi ya tashi, domin yawancinsu albashin En'e suke ci, kuma sun san sarakuna da Turawa ba za su yi wa ƙungiyar kallon arziki ba muddin 'yan NEPU na cikinta. Ƙarshenta aka zartar cewa ba a yarda mutum ya zama ɗan ƙungiyar kuma ɗan NEPU a lokaci guda ba. Mutanen Kano suka tattara nasu-ya-nasu suka fice.

A riƙe wannan da kyau, domin za mu dawo kansa: a 1950, Malam Aminu da mutanensa su ne aka nuna wa ƙofa saboda sun ƙi bin layin manya.

Yadda NPC Ta Riƙe Mutanenta

A zaɓen 1951 NEPU ta yi rawar gani a matakin farko, musamman a birnin Kano. Sai dai zaɓen na lokacin hawa-hawa ne, wakilai ke zaɓen wakilai, kuma doka ta ba En'e damar cusa kashi 10 cikin 100 na masu zaɓe a matakin ƙarshe. Da aka kai ƙarshe ko mutum ɗaya na NEPU bai shiga Majalisar Arewa ba. Amma tsoron da aka ji ya sa aka farfaɗo da tsohuwar ƙungiyar, aka ayyana ta jam'iyyar siyasa a watan Oktoba na 1951, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka shigo. A 1954, a wani taron da shi ma a nan Jos aka yi, aka zaɓi Sardauna ya zama shugaban NPC, muƙamin da ya riƙe har rasuwarsa a 1966.

Kirarin NPC shi ne Arewa ɗaya, al'umma ɗaya, alamarta fartanya, gaisuwarta "Salama". Haɗin kanta kuwa yana da dalilai da ake iya gani da ido. Na farko, manyan jam'iyyar a larduna su ne manyan En'e: hakimai, da 'yan majalisar sarki, da ma'aji, da magatakarda. Wanda ya saba cewa "ranka ya daɗe" a fada ba zai zo taron jam'iyya ya ɗaga murya ba. Na biyu, akwai abin da ake tsoron rasawa: sarauta, da aiki, da kwangila, da lasisin sayen gyaɗa da auduga. Na uku, akwai tsoron cewa idan Arewa ta rabu, Kudu da ta yi nisa a boko za ta mamaye komai. Na huɗu kuma akwai sanda: 'yan doka, da kotunan alƙalai, da gidajen yari, duk a hannun En'e suke.

Duk da haka kuskure ne a ce babu masu tunanin kansu a cikin masu ra'ayin riƙau. A watan Agusta na 1950, Tafawa Ɓalewa ne ya miƙe a Majalisar Arewa ya kawo ƙudurin a yi wa tsarin En'e garambawul, maganar da ta ɓata wa sarakuna da yawa rai. Bambancinsa da 'yan NEPU shi ne ya faɗi tasa a ciki, ya kuma zauna a ciki. Akwai kuma waɗanda zaman ya gagare su. Ibrahim Imam na Barno, wanda shi ne babban sakataren NPC, ya ajiye muƙami ya bar jam'iyyar a 1954, daga baya ya zama jagoran 'yan adawa a Majalisar Arewa. Haka nan a 1963, da gwamnatin Sardauna ta sa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus aka kai shi Azare, magoya bayansa suka kafa tasu jam'iyyar, KPP, har suka haɗa kai da NEPU. Wato bangon nan ma yana tsagewa. Sai dai NPC ta iya liƙe tsaga da wuri, kuma ta iya janyo na waje. Shi kansa Maitama Sule, ɗaya daga cikin 'yan NEPU na farko, NPC ya koma, kuma shi ya kayar da Malam Aminu a zaɓen tarayya na 1954.

NEPU Da Kuɗin Da Ta Biya

Ita kuwa NEPU, mai alamar tauraro da gaisuwar "Sawaba", jam'iyyar teloli ce da mahauta da ƙananan 'yan kasuwa da malaman zaure da 'yan koli. Shi ya sa ta yi ƙarfi a garuruwa irin su Jos, inda Hausawa da yawa suka zo neman abinci a zamanin haƙar kuza, suka yi nisa da idon hakimin garinsu. Baba ya ce kakana, wanda fataucin goro ya kawo shi Jos, ɗan NEPU ne na a-mutu, kuma dalilinsa ɗaya ne: ya ga yadda ake karɓar haraji a ƙauyensu.

Abin da NEPU ta koya wa talaka shi ne ya tambaya. Me ya sa za a sa ni aikin tilas a gonar hakimi? Ina rasit ɗin harajin da na biya? Me ya sa sai na cire takalmi na durƙusa? Wannan koyarwa ta jawo musu ɗauri da bulala da kora daga gari. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya an ɗaure ta sau 16 a rayuwarta. A Kano har ƙungiyar 'yan daba aka kafa mai suna Jam'iyyar Mahaukata don tarwatsa tarukansu.

To amma ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Tun 1954 NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Dokta Azikiwe. A zaɓen 1959 NEPU ta ci kujeru 8 a Majalisar Tarayya, Malam Aminu ya ci tasa a Kano. Sai NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC a Ikko. Nan take NEPU ta tsinci kanta a ɓangaren gwamnati ɗaya da jam'iyyar da ke ɗaure 'ya'yanta a gida, har aka ba Malam Aminu muƙami a cikin bulalun majalisa na ɓangaren gwamnati. Aikin bulaliyar majalisa kuwa shi ne tabbatar da cewa kowane ɗan majalisa ya bi layi ranar jefa ƙuri'a. Wannan ya nuna Malam ya san darajar biyayya ga yarjejeniya, ko da tana da ɗaci. Magoya baya da yawa kuwa abin ya ɗaure musu kai. A zaɓen Majalisar Arewa na 1961, kujera ɗaya tak NEPU ta samu.

PRP: Nasara Da Rabuwa

Da soja suka ɗage takunkumin siyasa a 1978, tsohon layin ya sake fitowa da sababbin sunaye. NPN mai alamar gida da masara da gaisuwar "Aminci" ita ta gaji yawancin mutanen NPC. Malam Aminu ya fara zama da masu shirya ta, amma bai ji daɗin yadda aka ɗauke shi ba, ya fita, aka kafa PRP mai alamar mabuɗi da gaisuwar "Nasara". A zaɓen 1979 PRP ta ci gwamnoni biyu: Muhammadu Abubakar Rimi a Kano, da Abdulƙadir Balarabe Musa a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da Katsina. Da hawansu mulki a watan Oktoba na 1979 suka soke haraji da jangali. Abin da 'yan NEPU suka sha ɗauri a kai shekara da shekaru, ga shi an yi shi da alƙalami cikin kwana kaɗan. Baba ya ce a lokacin yana saurayi, ya ga dattawa na hawaye don murna.

Ba a yi shekara guda ba rigima ta kunno kai. Gwamnonin da ba na NPN ba suka fara wani taro na lokaci-lokaci: biyar na UPN ta Cif Awolowo, biyu na GNPP ta Waziri Ibrahim, da biyu na PRP. Shi ake kira taron gwamnoni tara. Bayan ƙawancen NPN da NPP ya watse a 1981, gwamnonin NPP uku suka shigo, ciki har da namu na Filato, Cif Solomon Lar, suka zama goma sha biyu. Tun a 1980 uwar jam'iyyar PRP ta umarci gwamnoninta biyu su daina halartar taron. Suka ƙi. Aka dakatar da su, daga baya aka kore su. Su kuma da magoya bayansu suka ce ai su ne PRP ta gaskiya, suka ɗora tsohon shugaban ƙwadago Michael Imoudu a matsayin shugaba. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta tsaya a kan cewa ɓangaren Malam Aminu ne halastacce.

Daga nan sunayen suka fito. Yadda dattawa ke ba da labari, mutanen Malam suka ce santsi ya kwashi gwamnoni da mutanensu, sun zame daga kan hanya, sai aka riƙa kiransu 'yan Santsi. Su kuma suka mayar da martani cewa ai waɗancan sun maƙale ne a cikin taɓo, ba gaba ba baya, sai aka riƙa kiransu 'yan Taɓo. Kowa ya karɓi sunan zagin ya mayar da shi kirari.

Hujjar Kowane Ɓangare

Na yi ƙoƙarin in fahimci kowane ɓangare kamar yadda masu shi suke ganinsa, domin duka biyun mutanen kirki ne suka cika su.

'Yan Taɓo suna cewa jam'iyya ce ta tsayar da ɗan takara, sunan Malam da mabuɗi talakawa suka dangwala wa. Wanda ya hau kujera da tsanin jam'iyya ba shi da ikon ƙulla ƙawance da wasu jam'iyyu ba tare da izininta ba. Suna kuma zargin cewa taron gwamnonin dabara ce ta share wa Awolowo hanya, PRP za ta zama 'yar rakiya kawai. Idan kowane gwamna zai yi gaban kansa don yana riƙe da baitulmali, to ina amfanin shugabanci?

'Yan Santsi kuma suna cewa an kafa PRP ne don yaƙar tsarin da NPN ke karewa, saboda haka duk wanda ke adawa da NPN abokin tafiya ne. Suna zargin wasu na kusa da Malam, musamman babban sakatare S.G. Ikoku, da karkata jam'iyyar zuwa ga gwamnatin Shagari. A ganinsu biyayya ga aƙida tana gaba da biyayya ga shugaba. Kuma a ina suka koyi haka? Wurin Malam ɗin dai. Malaman jami'a masu zafin ra'ayi irin su Dokta Yusufu Bala Usman, wanda ya zama sakataren gwamnatin Kaduna, da Dokta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa, suna wannan ɓangare.

A nan ne abin ya fi ba ni mamaki. Shekara talatin cif bayan taron Jos, waɗanda aka nuna wa ƙofa a 1950 saboda sun ƙi bin layi, su ne suka nuna wa 'ya'yansu ƙofa a 1980 saboda laifi iri ɗaya. Ban faɗi haka don rage darajar Malam ba, Allah Ya jiƙansa. Na faɗa ne don mu gane cewa wannan jarrabawa ba ta bar kowa ba. Mutum yana ƙasa yana ganin darajar faɗin ra'ayi, ranar da ya zama shi ke riƙe da ragama sai ya fara ganin darajar biyayya.

Abin Da Ya Biyo Baya

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Kaduna, NPN ce ke da rinjaye a majalisa, tana da kujeru fiye da 60 cikin 99. Sun yi ta watsi da sunayen kwamishinonin da Balarabe Musa ya aika musu, har ya yi mulkinsa duka ba tare da majalisar zartarwa ba. Ranar 23 ga Yuni 1981 suka tsige shi, ya zama gwamna na farko da aka tsige a tarihin Nijeriya, a lokacin da jam'iyyarsa ke a rabe. 'Yan majalisar NPN kuwa sun tsaya a tsintsiya ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Bayan kwana goma sha bakwai, ranar 10 ga Yuli 1981, tarzoma ta ɓarke a Kano a kan takardar tuhuma da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad a gidansa.

Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, ana shirin zaɓe. Rimi ya koma NPP, kuma ya sauka daga kujerar gwamna kafin ya tsaya takara a can, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin. A zaɓen, Sabo Bakin Zuwo na ɓangaren Taɓo ya kayar da Rimi a Kano, Kaduna kuma ta faɗa hannun NPN, Lawal Kaita ya zama gwamna. Shi kuwa Ikoku daga baya NPN ɗin ya koma, abin da 'yan Santsi suka riƙe a matsayin shaidar zarginsu. Ranar 31 ga Disamba 1983 soja suka kifar da kowa da kowa. Daga jiha biyu an koma ɗaya, daga ɗaya an koma babu, kuma PRP ba ta sake kaiwa inda ta kai a 1979 ba.

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. A Ingila, a cikin 1981 ɗin nan dai, wasu manya huɗu suka ɓalle daga jam'iyyar Leba suka kafa SDP saboda saɓanin aƙida. Da aka zo zaɓen 1983 ƙuri'un 'yan adawa suka rabu biyu, Margaret Thatcher ta jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta lashe da gagarumin rinjaye. Dalilin a ganina ɗaya ne a ko'ina. Masu son a bar abu yadda yake, abu ɗaya suke karewa, kuma yana nan a gabansu suna ganinsa. Masu son a canza kuwa sai sun yarda a kan me za a canza, da yaushe, da kuma wa za a tafi da shi, kuma kowace tambaya a cikin ukun nan tana iya raba su.

Sai dai kada a ɗauka haɗin kan masu riƙau kyauta ya zo. Korar da aka yi a Jos a 1950 ta haifar wa NPC abokiyar gaba da ta hana ta barci har 1966. Kuma jam'iyyar da kowa ke cewa "to" a cikinta, ba ta jin labarin ɓarakar da ke ƙasa sai abu ya lalace. Kowane ɓangare ya biya kuɗin zaɓinsa.

Mu Kuma A Jos Fa?

Garinmu ya ci gaba da zama wurin da ake yanke manyan shawarwarin siyasa. A nan SDP ta tsayar da Abiola a watan Maris na 1993, a nan kuma PDP ta tsayar da Obasanjo a watan Fabrairu na 1999, Solomon Lar na shugaban jam'iyya, Rimi na cikin iyayenta. A PDP ɗin nan tsofaffin 'yan NPN da tsofaffin 'yan Santsi suka zauna a tabarma ɗaya. Tun daga lokacin layin da ya raba riƙau da sauyi ya dusashe, sauya sheƙa ta zama ruwan dare. Shi ya sa nake ganin ya kamata mu bambance mai ra'ayin kansa da mai neman tikiti. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: me ya rasa saboda ra'ayin nasa? Balarabe Musa ya rasa kujera, ya zauna a PRP har ya rasu a 2020. Rimi ya ajiye kujera kafin ya canza jam'iyya. Mutum nawa ne ke yin haka yanzu?

Yanzu in dawo rumfar Baba. Na fahimci dattawanmu fiye da yadda na fahimce su a ranar. Mutanen da suka ga Satumba 2001, suka ga ƙonewar babbar kasuwar Taminus a 2002, suka ga Nuwamba 2008 da rikicin ya taso daga zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, suka ga Janairu 2010, ba za ka zarge su ba idan suka ji tsoron rabuwar kai. An yi asarar rayuka da dukiya a kowane ɓangare, Musulmi da Kirista, kuma kowace al'umma ta fito daga ciki tana ganin tsirarta na cikin dunƙulewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan gaskiya ne.

Amma tarihin da na kawo ya nuna mini cewa duk inda aka kori mai gardama don a samu haɗin kai, abin da aka samu shi ne gida biyu. Haka aka yi a 1950, haka aka yi a 1980. Kuma al'ummar da aka san ƙuri'arta tana hannun mutum biyar ko shida, ɗan siyasa ba ya wahalar da kansa zuwa unguwanninta. Mutum biyar ɗin zai gani da dare, ya sallame su, shi ke nan. Magudanar ruwa da makaranta da asibiti da rumfunan kasuwa sai dai a jira wani zaɓen.

Abin da nake roƙon iyayenmu shi ne a yi gardamar kafin a yanke shawara, kuma a yi ta a fili. A tara 'yan kasuwa da malamai da matasa da mata, a rubuta buƙatunmu, a kira 'yan takara su amsa. A bar yaro ya yi tambaya ba tare da an ce ya ci amanar al'umma ba, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mu kuma matasa, idan an saurare mu aka rinjaye mu da hujja, mu koyi haƙuri irin na Tafawa Ɓalewa, mu daina fushi muna ɓallewa a kan kowane ƙaramin saɓani. Wanda kuma zuciyarsa ta ƙi natsuwa, ƙuri'arsa sirrinsa ce tsakaninsa da Ubangijinsa, kada a ƙaurace masa a masallaci ko a kasuwa. Haka nan mu tuna cewa maƙwabcinmu Birom ko Anaguta ko Afizere da ke kawo kabeji da karas Farin Gada, hanyar da ta lalace mana ita ta lalace masa. NEPU da kanta ta haɗa kai da UMBC ta Joseph Tarka a zaɓen 1964, ba ta ce sai Bahaushe ba.

Bayan kwana biyu da waccan hira na koma na gaishe da abokin Baba, na ce masa, "Baba, na binciko santsin nan." Ya yi murmushi ya ce shi ɗan Taɓo ne har gobe, amma ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ɗan Santsi ne, sun yi kusan shekara uku ba sa cin abinci a kwano ɗaya. Ya yi shiru, sannan ya ce da za a dawo da baya, da bai bari abin ya kai haka ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu na kowane ɓangare, Ya zaunar da Jos da Nijeriya lafiya, Ya ba mu shugabanni masu sauraro da mabiya masu tunani. Wanda ya ga gyara a cikin abin da na kawo, musamman iyayenmu da aka yi abin a gabansu, ina maraba da shi. Sai mun sake saduwa.